Baba Mordecai Mai Riƙon Lokaci

Shekara goma sha ɗaya na yi ina haya a gidan da ke jikin na Baba Mordecai a Muchia. Katanga ɗaya ta raba mu, ita ma ba ta kai kafaɗa ba. Ni malamin firamare ne, saboda haka Ticha yake kirana, kuma har na tashi daga unguwar ban tabbata ya riƙe sunana na yanka ba.

Mutumin wajen Kafanchan ne. Ya zo Zariya yana saurayi a 1971, reluwe ta ɗauke shi aiki. Ya fara da riƙon tuta, ya ƙare yana gadin jirgi, wato mai zama a taragon ƙarshe da usur da littafin rubuta lokaci. Da ya yi ritaya sai ya kafa tebur a barandar wani shago cikin Sabon Gari, kusa da kasuwa, yana gyaran agogo, sana'ar da ya koya a hannun wani Bayarabe tun yana bakin aiki. Gajere ne mai faɗin ƙirji, rigarsa kullum a goge, mai aljihu biyu, biro a na hagu, tabarau a na dama. Ƙarfe tara ake fara sujada ranar Lahadi, shi tara saura kwata yana kan bencinsa. In fasto ya shigo tara da minti huɗu ba ya cewa uffan, sai dai ya ɗaga hannu ya dubi agogonsa yadda na baya ma za su gani.

Wayar salula ce ta rage masa ciniki. Daga wajen 2003 matasa suka daina ɗaura agogo, kowa sai ya zaro waya daga aljihu ya duba. Masu zuwa wajensa suka koma tsofaffi masu son a sake musu batir, da matan zumunta masu kawo agogon bangon da aka raba a biki. Bai yi ƙorafi ba. Bakwai da rabi yana kan tebur, shida ya tashi, ko an zo ko ba a zo ba. Sai dai zaman ya yi masa yawa, kuma mutum irinsa in ya rasa abin yi, iyalinsa ne ke ji a jikinsu.

Matarsa Briskila kunun zaƙi da zoɓo take sayarwa a ƙofar gida. 'Ya'yansu biyar, huɗu sun kama gabansu, saura auta, Christabel. Ita ce kaɗai ta yi jami'a, nan Samaru, ta karanta tattalin arziki, ta tafi bautar ƙasa a kudu, ta dawo a farkon 2006. A shekarar bankuna da kamfanonin waya suna ta ɗibar ma'aikata, amma ba a kiran mutum intabiyu sai ya ci wata jarrabawa da suke kira aftitud. Akwai lissafi a ciki, da Turanci, da wasu zane-zane da za ka faɗi wanda ya kamata ya biyo baya, sannan tambayoyin hali, irin me za ka yi in abu kaza ya faru a ofis. Yawancinsu kuma ba sa son wanda ya haura shekara ashirin da bakwai. Christabel tana da ashirin da shida da wata huɗu.

Ta farko da ta zauna a Kano ce, ta wani banki. Ta dawo da la'asar ta zauna a kujerar tsakar gida ko takalmi ba ta cire ba. Ina shanya kaya a namu ɓangaren, ina jin su.

"Auta, ba ki san amsoshin ba ne?" in ji Baba.

"Na sani, Baba. Lokaci ne ya ƙare. Tambaya sittin, minti arba'in. Ina kan ta ashirin da biyu aka ce a ajiye biro."

Da ta ce ba ta sani ba, da ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, a wuce wurin. Amma a ce 'yar mai agogo lokaci ya kayar da ita, wannan ya ɗauke shi abin kunya ga gidan gaba ɗaya. Sai ya leƙo ta katanga.

"Ticha, minti arba'in a raba wa tambaya sittin."

"Sakan arba'in-arba'in ke nan, Baba."

"Na sani. So nake in ji ko kai ka sani."

Washegari ya buɗe akwatin ƙarfensa ya fito da tsohon usur ɗinsa. Christabel tana da wani kundin fotokwafi na tsofaffin tambayoyi da ta samo a Samaru. Ya zaunar da ita a tsakar gida, ya ce duk sakan arba'in zai busa, ita kuma ta koma tambaya ta gaba. Kwana biyu aka yi haka. A rana ta uku Briskila ta fito ta tarar da yaran unguwa sun cika ƙofar gida suna tambayar inda ake buga ƙwallo, sun tare wa masu sayen kunu hanya. Ta shigo ta miƙa hannu, bai yi musu ba ya ba ta usur ɗin, ta jefa cikin aljihun bujenta.

Sai ya mayar da karatun teburinsa na Sabon Gari. Ya ce hayaniyar kasuwa ma horo ce. A madadin usur, sai ya riƙa ƙwanƙwasa gwangwanin madara da ɗan sukuddirebansa. Christabel ta ce da ƙarar ta zo, duk abin da ta tara a ka sai ya watse kamar an jefi kaji. Ya ce za ta saba.

Da ya tsaya a ƙwanƙwasa gwangwani da an samu sauƙi. Matsalar ita ce ya fara sa tabarau yana karanta tambayoyin. Ya yi firamare bakwai ta da, Turancinsa a hankali yake amma ba ya tsallake kalma. Wata rana ya ci karo da wannan: jirgin ƙasa ya tashi daga gari A yana gudun kilomita sittin a awa, wani ya tashi daga gari B yana gudun arba'in, tsakaninsu kilomita ɗari uku, bayan awa nawa za su haɗu?

"Awa uku," in ji Christabel, tana shirin wucewa.

Ya ɗora yatsa a kan takardar. "Tsaya. Wane gari ne A?"

"Baba, ba gari ba ne. Misali ne."

"To a inda za su haɗun, akwai tasha?"

"Ba su faɗa ba."

"Layi nawa ne?"

"Baba, sakan arba'in."

"Daga nan zuwa Kano layi ɗaya ne. Daga nan zuwa Kaduna layi ɗaya ne. Jirgi biyu ba sa haɗuwa a daji, Auta. In suka haɗu a daji ba sunansa haɗuwa ba, sunansa jana'iza. Dole ɗaya ya shiga gefe a tasha ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a tashar Gimi yana jiran jirgin kaya ba."

Ya hana ta zaɓar awa uku. Ya ce ba zai zauna yana kallo 'yarsa ta sa hannu a kan haɗari ba. Har ya nemi adireshin wanda ya buga kundin don ya rubuta masa wasiƙa, sai aka tarar fotokwafi ce ta fotokwafi, bangon ma babu.

Rikicin tambayoyin hali kuwa a gabana aka yi shi, wata Asabar da na kai masa agogona ya sa min batir. Briskila ta kawo musu abincin rana ta zauna tana jiran kwanuka. Amaechi, mai shagon kayan babur da Baba ke zaune a barandarsa, shi ma ya jawo benci, don ya daɗe yana saurare yana neman ƙofar shiga.

Christabel ta karanta ta fassara. Kina da abokiyar aiki da kuke shiri. Kullum a makare take zuwa, yau ta roƙe ki ki sa mata hannu a rajistar zuwa aiki. A, ki sa mata. B, ki kai ƙararta wajen shugaba. C, ki ƙi sa hannun, ki yi mata magana a keɓe, ki ba ta shawarar ta je da kanta ta yi wa shugaba bayanin abin da ke hana ta zuwa da wuri. D, ki yi kamar ba ki ji ba.

"A," in ji Amaechi da Hausarsa ta kasuwa. "Yau ita, gobe ke. Duniya haka ne."

Na ɗauka Baba zai ce B kafin a rufe baki, tunda maganar latti ce. Sai na ga ya cire tabarau.

"A ina take zaune?"

"Ba su faɗa ba, Baba."

"Tana da goyo? Mijinta lafiyarsa ƙalau? Da can tana latti ko yanzu ta fara?"

"Ba mutum ba ce ta gaske."

"In ba mutum ba ce, me ya kawo ta rajista?"

Daga nan ya ba mu labarin wani abokin aikinsa, Toma, da ya fara latti a wata damina. Bai sa masa hannu ba, bai kuma kai ƙararsa ba. Keke ya hau ya je har Hanwa gidansa, ya tarar matar tana kwance wata biyu, Toma ne ke dafa wa yara abinci kafin ya fito. Sai suka je tare wajen shugaban tasha suka yi musayar aiki, Baba ya ɗauki na safe har wata uku.

"Wannan ita ce amsa," ya ce. "Ina E?"

"Babu E."

"To tambayar ba ta cika ba."

Duk wannan Briskila tana tsinke haƙori da tsinken tsintsiya. Ita aji uku ta yi, ba ta karanta Turanci. Ta jawo kundin, ta ɗora tsinken a kan amsoshin ɗaya bayan ɗaya kamar mai awon yadi.

"Wannan ce," ta ce, ta nuna C.

"Da wane dalili, Maman Christabel?" in ji Baba.

"Ta fi tsawo. Wanda ya rubuta ba zai ɓata tawadarsa a kan ƙarya ba. Ƙaryar ce yake gajartawa don ya huta."

Aka duba bayan kundin, C ce. Baba ya ce sa'a ce. Aka gwada ta da tambaya goma, tsinken ya ci bakwai. Amaechi ya yi dariya har ya faɗi daga benci, ya ce a ba Mama aikin bankin kawai. Baba ya ce wannan ba ilimi ba ne, duba ne, kuma gidansa ba a duba. Briskila ta tattara kwanukanta ta ce ita dai bakwai ta ci, shi nawa ya ci? Ana cikin haka masu faci da mai sayar da katin waya suka matso, aka koma kan matar mai latti, rabi suna A rabi suna B, wani yana cewa ai ya san ta. Da na waiwaya babu Christabel. Ta ɗauki kundinta ta hau bas ɗin Samaru.

Akwai wani ɗan ajinsu, Lanre, iyayensa 'yan Sabon Gari ne amma shi bai saki ɗakin da yake haya a Bomo, kusa da Samaru, ba tun yana ɗalibi. Su bakwai ne suke taruwa a can ƙarƙashin mangwaron mai gidan suna gwajin jarrabawa. Christabel ta shiga cikinsu, ta ce wa Baba karatun taro ya fi shiga kai. Mako guda ya yi yana zaune a tebur shi da gwangwaninsa. Sai wata yamma ya tambaye ta wa ke riƙe musu lokaci.

"Lanre, da wayarsa."

"Shi ba ya rubutawa?"

"Yana rubutawa."

Ranar Talata ya ciro agogon bangon falo, ya naɗe shi da zanen Briskila, ya sa guduma da ƙusa a jaka, ya hau bas ya rungume shi har Samaru. Bai san gidan ba. Ya ce wa ɗan acaɓa ya kai shi Bomo inda masu digiri ke zama gindin bishiya suna tauna biro, aka kai shi kai tsaye.

Christabel ta ce da ta ɗaga kai ta gan shi da agogo a ƙirji, ji ta yi kamar ta haye mangwaron. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya nemi izinin mai gida, ya kafa ƙusa a jikin bishiyar, ya rataye agogo, ya ce kowa ya kashe waya ya kife ta.

Abin da ya zarga kuwa haka yake. Minti arba'in na Lanre yakan kai hamsin da biyar. In lokaci ya cika bai gama ba sai ya ce saura kaɗan, in budurwarsa ta kira sai a tsaya duka a jira. Kowa a cikinsu yana gama sittin, kowa yana ganin ya ƙware. Ranar da Baba ya riƙe, wanda ya fi kowa ya tsaya a talatin da ɗaya. Da ya ce a ajiye biro Lanre ya ci gaba da rubutu yana cewa, "Baba, wan minit, sa." Baba ya kama takardar ya ja, Lanre ya riƙe, ta rabu biyu. Baba ya ninke nasa rabin ya sa a aljihu ya ce shi za a duba.

Suka watse rai a ɓace. Ranar Alhamis sai ga Lanre a Sabon Gari, ya rusuna a gaban tebur, ya ce in Baba ba zai damu ba, Talata da Alhamis suke zama.

Haka ya zama mai riƙon lokacin Bomo. Christabel ta kafa masa sharaɗi biyu, ba ƙwanƙwasa, ba karanta tambaya. Ya yarda da na farko da sauƙi, na biyun kuwa sai da ya riƙa barin tabarau a gida don kada ya jarabtu. Da ya rasa abin karantawa sai ya koma kallon fuskokinsu, a nan ne kuma ya yi musu amfanin da ya fi na agogon. Ya lura kowa yana tafiya lafiya har ya ci karo da wata tambaya mai taurin kai, daga nan sai ya kafe. Ya ƙirga wa Christabel minti huɗu da rabi a kan tambaya guda, tana cizon murfin biro. A bas suna komawa ya yi mata magana.

"Auta, in tarago ɗaya ya samu matsala a hanya, ba a tsayar da jirgi duka a zauna ana kallonsa. Kwance shi ake a bar shi a tasha, a kai mutane inda za su. In an samu sarari a dawo masa. Tambayar da ta ƙi ki, sa mata alama ki wuce."

"Baba, kai ne ka hana ni wuce tambayar jirgi."

"Wannan daban. Wannan rai ne."

Cikin mako uku ta kai arba'in da biyar. Sauran ma suka ɗauka, har in wani ya ga na kusa da shi ya kafe sai ya raɗa masa, "Kwance taragon."

Lanre bai manta da takardarsa ba. Wata Alhamis ya ce ai bai kamata mutum ya riƙa hukunci a kan abin da bai ɗanɗana ba, Baba ya zauna ya gwada, shi zai riƙe lokaci. Baba ya ce bai zo da tabarau ba. Mai gidan, wani tsohon manomi da ke jin daɗin kallonsu, ya shiga ɗaki ya kawo nasa. Ba hanyar gudu.

Minti arba'in cif Lanre ya ba shi, ya karɓe takardar da hannu biyu cikin ladabi. Tambaya huɗu Baba ya taɓa. Uku daidai, kowace da lissafinta a gefe, an ja layi da kyau. Ta huɗu ta famfo biyu ce da ke cika tanki ɗaya, bai zaɓi komai ba, ya rubuta a ƙasa cewa ba a faɗi ko tankin yana yoyo ba. Suka yi dariya har da masu riƙe ciki. Shi ma ya yi, ya mayar wa mai gida tabarau ya ce, "Shi ya sa ku ke rubutu ni ke riƙe agogo."

Amma da yamma ya kira ni ta katanga, ba da muryar wasa ba.

"Ticha, ashe wuta yaran nan suke shiga. Na ɗaga kai sau ɗaya na ga saura minti tara, kaina ya ɗaure. Ni da na yi shekara ashirin da bakwai da jirgi kaina bai taɓa ɗaurewa ba."

Daga ranar ya daina tambayar Christabel nawa ta ci tun daga ƙofa. Sai ta ci abinci tukuna. Kuma in za shi Bomo yakan sa Briskila ta cika masa galan da zoɓo, su sha bayan an karɓi takardu, ba kafin ba.

A watan Satumba wani kamfanin waya ya kira su jarrabawa a Kaduna, su biyar daga cikin takwas. Takardar gayyata ta ce ba a shiga da waya. Baba ya ciro agogon hannunsa, wani ƙato mai nauyi da bai taɓa bai wa kowa aro ba, ya huda sabon rami a maɗaurin, ya ɗaura mata. Ya ce in ta ga ya saɓa da na zauren, na zauren ne ke ƙarya.

Na zauren ma a tsaye yake, ya mutu a kan biyu da kwata. Mutum wajen ɗari uku suka zauna. Mai kula da jarrabawar, wani matashi cikin kwat, ya raba takardu, ya zaro wayarsa, ya danna, ya sake dannawa, ya bubbuga ta a tafin hannu. Caji ya ƙare. Ya tambayi ko akwai mai agogo. Cikin mutum ɗari uku hannu ɗaya ya tashi, na Christabel, shi ma sai da ɗaya hannun ya tallafa masa. Ya zo ya karɓa ya gode, ya koma gaba ya ajiye a teburinsa. Christabel ta zauna da hannu wayam, ita da aka yi wata huɗu ana horarwa da kallon agogo.

Ta ce da farko ta ji kamar ta yi kuka. Sai ta fara rubutu, ta ga ashe jikinta ya riga ya san tsawon sakan arba'in, in ya cika sai ta ji wani abu a ƙeya kamar za a buga gwangwani. Ta bar shida a hanya, ta dawo ta samu uku kafin a ce a ajiye biro. Da ta je karɓar agogon mai kwat ɗin ya tambaye ta ko na sayarwa ne. Ta ce ya je Sabon Gari ya tambayi mai shi, in yana da ƙarfin hali.

Da ta ba da labarin a gida, Baba bai tambayi tambayoyin ba. Abin da ya so ya ji shi ne, da agogonsa aka fara, da shi aka tsaya? Ta ce e. Mutum ɗari uku? Ta ce wajen haka. Ranar Lahadi duk dattawan coci sun ji, Amaechi kuwa ya ji sau shida.

Bayan mako uku saƙo ya shigo wayarta, ta ci, ita da wasu biyu. Ta je intabiyu sau biyu, a watan Disamba aka ba ta aiki a Abuja. Lanre bai ci ba, ya sake gwada wasu biyu bai dace ba, sai ya kama shago a Samaru ya sa benci shida ya fara koyar da masu shirin irin wannan jarrabawa. Ya roƙi Baba ya ci gaba da zuwa, ya kuwa ci gaba, Talata da Alhamis, har ƙarshen 2009 da gwiwa ta hana shi hawa bas. Briskila ta yi ta neman a dawo mata da agogon falonta da zanenta, zanen kaɗai ta samu.

Ranar tafiyar Christabel ni na taya su ɗaukar kaya zuwa tasha. Baba ya sa muka isa ƙarfe shida da rabi, muka tarar ita ce fasinja ta biyu a mota mai cin goma sha huɗu. Ya shirya mata nasiha tun kwana uku, har ya rubuta kanun a bayan ambulan. Ya tsaya a jikin taga ya karanta: ta nemi coci, kada ta ci bashin kowa, ta riƙa gaida masu gadi, ta riƙa kiran uwarta. Minti biyar ya gama. Ya yi mata addu'a muka ce amin. Mota ba ta cika ba.

Ya je ya sayo mata burodi. Ya dawo ya zagaya motar yana duba tayoyi, ya tambayi direba shekararsa nawa yana tuƙi. Ya sake tafiya ya sayo lemo. Wajen takwas da rabi saura mutum uku, magana ta ƙare, shi yana tsaye hannu a baya, ita tana kallon ledar burodi a cinya, idonta ya kawo ruwa. Sai ya yi gyaran murya.

"Wai ni Auta, aikin nan, mene ne za ki riƙa yi?"

"Amsa waya, Baba. Wanda layinsa ya samu matsala, ko aka cinye masa kati, sai ya kira, in saurare shi in gyara."

Ya jinjina kai. "To duk wanda ya kira, ki fara tambayarsa ya gida, ya iyali. Mutum in ya kira da fushi, ba kati ne kaɗai ke damunsa ba."

"Baba, minti uku ake ba mu kowane kira. Ana ƙirgawa."

Kwandasta ya tura mutum na ƙarshe ciki ya fara jan ƙofa. Baba ya sunkuyo daidai taga.

"To ki tambaya da sauri," ya ce.